Kwamfutarka Ba Ta Mutu Ba, Kalmar Ce Ba Ta Sani Ba

Mafi yawanmu da muka taɓa mallakar kwamfuta a nan yankin Kebbe da Tambuwal, ba mu muka ɓare ta daga kwali ba. Wani ne ya more ta shekara da shekaru a wani ofis a Turai ko Amurka, ta sauka Legas, ta hau mota zuwa Kano ko Sakkwato, sannan ta iso hannunmu da batirin da ba ya riƙe wuta fiye da minti ashirin. Ba abin kunya ba ne. Da irinta ɗalibai da dama suka yi atisayen jarrabawar JAMB, da irinta aka buga furojet ɗin digiri ba adadi. To amma akwai wani ciwo da ke kama waɗannan tsofaffin na'urori wanda ba na batiri ba ne, ba na allo ba ne, kuma mai gyaran bakin kasuwa ba kasafai yake gane shi ba. Yakan bayyana ne ranar da ɗalibi ya fara koyon rubuta manhaja da gaske, ya danna maɓalli yana jiran sakamako, sai allo ya jefo masa kalmomi biyu na Turanci: "Illegal instruction".

Kalmar farko ce ke tsinka zuciya. Na taɓa ganin yaron da ya rufe kwamfuta da sauri bayan ya karanta ta, don a tunaninsa an gano Windows ɗinsa ba na asali ba ne, 'yan sanda na tafe. Alhali saƙon ba ruwansa da doka ko kotu. Abin da yake nufi kawai shi ne an ba ƙwaƙwalwar kwamfutar wani umarni da babu shi cikin kalmomin da ta sani, ita kuwa ba ta iya kame-kame ba, sai ta ajiye aikin nan take.

Furosesa, wato ɗan guntun nan da ke yin duk lissafin kwamfuta, ba ya jin harshen C, ba ya jin Python, balle Turanci. Abin da yake ji wasu ƙananan umarni ne: ɗauko wannan lamba, haɗa ta da waccan, ajiye a can, koma baya in sakamakon ya zama sifili. Jerin waɗannan umarni a jikin guntun aka gina shi tun daga masana'anta, ba abu ne da ake ƙara masa ta intanet ba. Wanda ke tsakaninka da shi kuwa shi ne kamfaila, ni dai tafinta nake ce masa idan ina koyarwa: kai ka rubuta da C, shi ya juya maganarka zuwa harshen furosesa. Abin da ɗalibai kan manta shi ne, tafintan nan shi kansa manhaja ne. Wani ne ya rubuta shi, wani kuma ya fassara shi zuwa harshen furosesa a kan wata kwamfutar da ba taka ba. Sannan ba shi kaɗai yake aiki ba. Yana da 'yan aike da ake kira laburare, tarin ƙananan ayyuka ne da wasu suka riga suka rubuta, yakan kira su duk lokacin da bukata ta taso. Idan ɗaya daga cikin 'yan aiken ya furta kalmar da furosesanka bai sani ba, ayarin duka zai tsaya, amma sunan tafinta ne zai fito a allo.

Harshen furosesa kuma yana ƙaruwa kamar kowane harshe. A shekarar 2000 Pentium 4 ya zo da rukunin umarni da ake kira SSE2. A 2008 aka samu SSE4.2. A 2011 AVX ya shigo, a 2013 kuma AVX2 da BMI2 suka biyo baya. Sabon furosesa galibi yana jin tsofaffin kalmomi, shi ya sa manhajar shekara ashirin da ta wuce take tashi a kan sabuwar kwamfuta ba gardama. Tsoho ne ba ya jin sababbin. Jika yana jin Hausar kakarsa tsaf, amma je ka ce wa kaka data ta ƙare, ka ji ta tambaye ka wace Data, 'yar gidan wa.

A wani hutun bazara da na dawo gida daga Sakkwato, na tara yara 'yan sakandare su shida a rumfar wani mai cajin waya, muna koyon C da yamma idan ya tayar da janareta. Kwamfutoci uku gare mu: tawa, ta wani yaro da yayansa ya ba shi aro, da ta ƙanwata, 'yar Kawuna, wadda take aji biyu na babbar sakandare. Tata ce mafi tsufa, Core 2 Duo ce ta wajejen 2008, Kawu ya sayar da gero da akuya ya sa aka sayo mata a wurin wani ɗan kasuwa a Sakkwato wanda surukin gidanmu ne. Duka ukun Linux iri ɗaya muka sa masu, don Windows ya yi wa tsofaffin nauyi. Tafintan da ya zo da Linux ɗin, wato GCC, ya ɗan kwana biyu, littafin da muke bi kuma yana son sabo. Wanda ya san yadda sabis yake a garinmu, da yadda data ke narkewa, ya san sauke babban fayil sau uku ba wasa ba ne. Saboda haka tun kafin in taso wani abokin karatuna mai sabuwar kwamfuta ya haɗa sabon GCC da kansa tare da laburarensa, ya zuba mani a filash. Muka kwafe a kwamfutocin uku.

Makon farko lafiya lau. An gaisa da duniya a allo, an ƙirga daga 1 zuwa 100, an tara lambobi, an ware mara da cika. Kwamfutar ƙanwata tana ɗan jan ƙafa, amma tana isa inda sauran suka isa. Sai ranar da na ba su aikin fitar da matsakaicin maki na darussa uku. Kowa ya rubuta a tara maki, a raba da 3.0. Kwamfutoci biyu suka ba da amsa. Ta ukun ta rubuto "internal compiler error: Illegal instruction", ta kuma nuna daidai layin da ƙanwata ta rubuta 3.0.

Wannan nunin shi ne mugun abu a cikin lamarin. Duk mai koyo an koya masa cewa in tafinta ya nuna layi, to a layin laifin yake, kuma sau tara cikin goma haka ne. Yarinyar nan ta goge layin ta sake rubutawa ya fi sau goma. Ta canza sunan ma'ajin lambar, ta ƙirga baka-biyu, ta duba waƙafi mai ɗigo. Daga ƙarshe ta ce, "Yaya, ni dai ina jin kaina ne bai ɗaukar abin nan." Na karɓi fayil ɗinta a filash, ban taɓa ko harafi ɗaya ba, na sa a tawa kwamfutar. Ya tashi, ya ba da amsa daidai. Na juya mata allon ta gani. Ku riƙe wannan, ƙannena: duk saƙon da ya fara da "internal compiler error", tafinta ne yake faɗa maku shi ya faɗi. Ko da rubutunka shirme ne, aikin tafinta ya gaya maka shirme ne, ba ya sume ba. Layin da ya nuna, wurin da yake tsaye ne lokacin da ya yanke jiki.

Kafin gari ya waye shawarwari sun yi yawa. Wani ya ce bairos ne, a yi fomatin. Mai gyaran waya na kusa da mu ya ce ram ne ya yi kaɗan, a kawo kuɗi ya sa a aiko da ƙari daga Tambuwal. Mai rumfar ya ce zafi ne, ai ko mutum a wannan bazarar sai ya yi hankali. Ba wanda ya faɗi abin dariya a cikinsu, duk abubuwa ne da kan faru. Sai dai kowane ciwo da halinsa. Lalataccen ram da zafi ba su da alƙibla, yau su kashe wannan manhaja, gobe waccan, jibi su bar ka lafiya. Ƙarancin ram kuwa jan jiki yake kawowa ko saƙon cewa wuri ya ƙare, kuma manhaja mai layi goma ba ta cinye ram ɗin kowa. Namu ciwon a wuri ɗaya yake kamawa, kowane lokaci, da sanyin safiya da tsakar rana. Ciwon da ke cika alkawari haka, dalilinsa a rubuce yake a wani wuri.

Maganar ta kai kunnen Kawu. Ya same ni a zaure bayan magariba, ko zama bai yi ba ya ce, "Kai, hwaɗa mani gaskiya, cutarmu anka yi?" Ya riga ya yanke shawarar ranar kasuwa zai bi mota ta Tambuwal ya wuce Sakkwato da na'urar a jaka, ya dire wa surukin nan abinsa, ya karɓi kuɗinsa. Wanda ya san Kawu ya san ba a nan maganar za ta tsaya ba, sai ta shiga gidaje biyu. Kuma na san in kwamfutar ta tafi, ba wata za a sayo ba, geron ya riga ya tafi, karatun yarinya kuma ya ƙare ke nan. Na ce, "Kawu, a ba ni kwana biyu."

Abin da na fara yi shi ne rage kaya. Na bar manhajar maki gefe, na rubuta wata mai layi ɗaya a ciki, lamba 3 kawai ba ɗigo. Ta wuce. Na mayar da ita 3.0. Tafinta ya faɗi. Na gwada 0.5, ya faɗi. Na gwada lamba miliyan ba ɗigo, ta wuce. To yanzu tambayar ta tsuke: me tafinta yake yi idan ya ga lamba mai ɗigo wanda ba ya yi idan ya ga cikakkiyar lamba?

A nan ne ake kiran gdb, manhajar da ke bin wata manhaja sawu da ƙafa, ta tsayar da ita daidai inda ta yi tuntuɓe. Akwai ɗan sirri ɗaya. Abin da kake kira gcc shugaban leburori ne kawai, ba ya ɗaukar bulo. Mai ainihin aikin fassarar C wani ne da ake kira cc1, shi ne ke faɗuwa, don haka shi za ka sa wa ido. GCC yana da hanyar yin hakan: ka rubuta gcc -wrapper gdb,--args sannan sunan fayil ɗinka, idan gdb ya buɗe ka rubuta run. Cikin daƙiƙa biyu ya tsaya, ya ce an samu SIGILL, wato sunan da Linux ke kiran wannan faɗuwa. Na rubuta bt don in ga wa ya kira wa har aka iso nan. Sunan da ke saman jerin bai da alaƙa da rubutun ƙanwata, bai ma da alaƙa da cc1 kansa. Suna ne da ya fara da __gmpn, a cikin wani laburare mai suna libgmp. Na ƙara rubuta x/i $pc, wanda ke nuna ainihin umarnin da furosesa ya ƙi. Kalma ɗaya ce: mulx.

Mulx umarnin ninkawa ne daga rukunin BMI2, wanda na ce maku a 2013 ya shigo. Na rubuta lscpu a kwamfutar ƙanwata, na bi dogon jerin kalmomin da furosesanta ya sani. Babu bmi2. Na rubuta a tawa, ga shi nan zaune. Guntun da aka ƙera a 2008 aka ce wa ya yi abin da ba a ƙirƙiro ba sai bayan shekara biyar.

Me ya haɗa tafinta da wannan laburare tun farko? Lamba kamar 0.1 da muke rubutawa cikin sauƙi, kwamfuta da sifili da ɗaya take ajiye ta, kuma ba ta zama daidai cif, sai an nemo mafi kusa. Tafinta yana son ya yi wannan juyin ba tare da kuskuren ko ɗigo ɗaya ba, yana kuma son ya yi wasu lissafe-lissafen tun lokacin fassara don ya rage wa manhajarka aiki. Shi ya sa tun daga GCC 4.3 na shekarar 2008 ba a haɗa shi sai da laburare biyu, MPFR wanda masu bincike a Faransa suka rubuta don lambobi masu ɗigo, da GMP wanda MPFR ɗin ke tsaye a kansa. GMP tsohon hannu ne, wani ɗan Suwidin mai suna Torbjörn Granlund ya fara fitar da shi a 1991, aikinsa lissafi da lambobi masu tsawon da ya wuce hankali, lamba mai gurbi dubu ko miliyan. Muddin ƙanwata na wasa da cikakkun lambobi ƙanana, tafinta bai taka ƙofar wannan ɗakin ba. Ranar da ta sa ɗigo ne ya aika a kira MPFR, shi kuma ya kira GMP, GMP ya buɗe baki da mulx.

GMP bai yi laifi ba, halinsa ne, kuma masu shi sun rubuta hakan a takardunsu ɓaro-ɓaro. Abin alfaharinsa sauri, don haka muhimman sassansa da hannu aka rubuta su cikin harshen furosesa, kowane dangin furosesa da nasa. Idan za ka haɗa shi, yakan fara duba kwamfutar da yake kai, ya zaɓi sassan da suka fi dacewa da ita. Tela ne da ke auna duk wanda ya tsaya a gabansa. Abokina ne ya tsaya a gabansa da sabuwar kwamfuta, aka ɗinka riga daidai jikinsa, muka ɗauko rigar muka kawo Kebbe muka ce kowa ya sa. Ta shiga mutum biyu saboda kwamfutocinsu ba su yi nisa da tasa ba. Da ya sa GMP ɗin a cikin jakar GCC aka haɗa su tare, da tsarin haɗin ya zaɓi ɗinkin kowa-da-kowa da kansa. Shi kuwa daban ya haɗa, kamar yadda mutane da yawa ke yi, kuma a kan kwamfutarsa komai na tafiya daidai, ba yadda za a yi ya gani.

Da an gane ciwo, magani bai da tsada. Ba sai an sake haɗa GCC duka ba, aikin da zai cinye wa tsohuwar kwamfuta awanni masu yawa, mu da wutarmu ta janareta ce. Asalin rubutun GMP bai fi megabait biyu da 'yan kai ba, ko da sabis ɗinmu ya sauku. Tsohon tafintan da ya zo da Linux ɗin yana nan lafiyarsa ƙalau, da shi muka yi aikin. Wajen shirya haɗin na ƙara --enable-fat, wanda ke sa GMP ya ɗauko sassan furosesa iri-iri ya zuba a jaka ɗaya, sai lokacin aiki ya duba inda ya samu kansa ya zaɓi wanda ya dace. Fayil ɗin ya ɗan ƙara ƙiba, shi ke nan. Muka sa sabon a gurbin tsohon, muka gwada.

Tafinta ya sake faɗuwa. Fuskar ƙanwata ta canza, amma gdb ya nuna an ci gaba, domin wannan karon ba a cikin libgmp aka tsaya ba, a cikin libmpfr ne. Dalilin yana da ban sha'awa. Idan ana haɗa MPFR ba a gaya masa komai ba, yakan leƙa fayil ɗin gmp.h ya kwafi zaɓuɓɓukan da aka haɗa GMP da su, har da sunan furosesan da aka auna. Wato telan farko ya bar ma'auni a takarda, na biyu ya ɗauka ya yi aiki da shi. Muka sake haɗa MPFR a kan sabon GMP, muka bi da ƙaninsa MPC wanda shi ma GCC ke bukata tun 2010. Kafin mai rumfa ya kashe janareta, yarinya ta shigar da 55 da 62 da 70, allo ya rubuto 62.33. Ita ta danna maɓallin, ni ina gefe.

Kawu bai nemi bayanin mulx ba, ni ma ban yi masa ba. Na ce masa kayan da muka zuba mata ne aka yi don wata na'urar, mun sake su, surukinsa bai sayar masa da matacciya ba. Ya yi shiru, ya ce, "To, Allah shi kyauta, da na ɗauki alhakin bawan Allah." Amma na ƙara masa da wata gaskiyar, wadda ku ma ya kamata ku ji: na'urar tsohuwa ce, kuma akwai ƙofofin da za ta tarar a rufe waɗanda ba kowane lokaci ake samun mabuɗinsu cikin kwana biyu ba.

Domin abin da ya same mu a rumfar caji yana samun mutane a ko'ina, har a manyan jami'o'i. Tun daga TensorFlow 1.6 na shekarar 2018, manhajar nan ta Google da masu koyon ƙirƙirarriyar basira ke amfani da ita, kunshin da ake saukewa a shirye yana bukatar AVX. Wanda furosesansa bai da shi, da ya rubuta layin farko na kiran ta a Python sai komai ya rufe. MongoDB, ma'ajin bayanai da ake yawan koyarwa a kwasa-kwasan gina shafukan intanet, shi ma daga fitowa ta 5.0 a 2021 sai da AVX. A 2020 kamfanonin AMD da Intel da Red Hat da SUSE suka haɗu suka raba furosesoshi hawa huɗu don a daina ruɗani: hawa na ɗaya shi ne tushe, na biyu mai SSE4.2 da POPCNT, na uku mai AVX2 da BMI2, na huɗu mai AVX-512. Core 2 Duo a hawa na ɗaya yake. Linux ɗin Red Hat na 9, wanda ya fito a 2022, ba ya tashi sai a hawa na biyu. Windows 11 ma daga fitowar 24H2 ta 2024 ba ya tashi a furosesan da bai san POPCNT ba, ko da ka bi dabarun nan na tsallake shinge da ake nunawa a YouTube, ga shi kuma Microsoft ta rufe tallafin Windows 10 na gama-gari a watan Oktoban 2025.

Ban ga laifin masu yin haka ba gaba ɗaya. Sababbin umarnin suna sa lissafi ya yi sauri ƙwarai, kuma kula da tsofaffin na'urori aiki ne da wani zai yi, galibi kyauta. Abin da ke damuna shi ne yadda labarin ke iso wa mai koyo. Manhaja na iya duba furosesa tun da fari ta ce, cikin jimla ɗaya, na'urarka ba ta da kaza, nemi kunshi kaza. Wasu suna yin haka. Da yawa kuwa sai su faɗi kawai, su bar yaro ɗan shekara 16 a ƙauye yana zargin ƙwaƙwalwarsa. Wanda ya rubuta manhajar yana ganin kwamfutar 2010 tarihi ce. A ajinmu ita ce ta zamani. Mu ma da muke rarraba manhaja ta filash daga hannu zuwa hannu muna da namu kason. Duk wanda zai haɗa abu don wasu, ya guji -march=native, domin ma'anarsa a ɗinka daidai jikina ni kaɗai, kuma ya gwada abin a kan mafi tsufar kwamfutar da za a kai shi, ba a kan tasa ba.

Wani abin kuma, faɗuwar nan da muke tsoro wani lokaci rahama ce. Akwai wani umarni mai suna lzcnt, aikinsa ƙirga sifilan da ke gaban lamba. Yadda aka tsara shi, tsohon furosesa ba ya ƙin sa, sai ya ɗauka wani tsohon umarni ne mai suna bsr, ya yi wancan. Ka ba su lamba 1 mai gurbi 32, lzcnt zai ce 31, bsr zai ce 0. Ba saƙo, ba faɗuwa, amsa ce kawai ta fito karkatacciya, manhaja ta ci gaba da tafiya a kanta. Kaka ce ta ji sabuwar kalma ta ɗauka wata ce da ta sani, ta amsa da gaba gaɗi. Saboda irin wannan ne idan laburare ya zo da gwajin kansa, irin make check na GMP, bai kamata a tsallake shi don ana sauri ba, kuma a kan na'urar da za ta yi aikin ake so a yi shi.

Ga wanda bai riga ya saya ba kuwa, akwai abin da zai duba wanda ya fi ƙyallin murfi da girman allo. Mai shago zai ce maka "Core i5 ce", kamar magana ta ƙare ke nan, alhali an fi shekara goma ana fitar da i5, kuma ba ɗaya suke ba. Lambar da ke bin sunan ita ce magana. In lambobi uku ne, kamar i5-520M, zubin farko ne, ba shi da AVX. In huɗu ne, galibi ta farkon ita ce zubin: i5-2520M zubi na biyu ne, yana da AVX amma ba AVX2 ba BMI2, i5-4300U zubi na huɗu ne, yana da su duka, ya hau hawa na uku ke nan. Mai niyyar koyon rubuta manhaja, in aljihu ya yarda, kada ya sauka ƙasa da zubi na huɗu. A Windows ƙaramar manhajar nan CPU-Z tana nuna jerin umarnin a shafinta na farko, ana iya zuwa da ita a filash a buɗe a gaban mai shago. A Linux lscpu ya wadatar. Idan kuma manhaja ta rufe a Windows ta bar maka lamba 0xC000001D, ko a Linux ta fita da lamba 132, ciwon nan ne dai ya canza riga.

Kada kuma sabunta ta ruɗe ka. Shekaru da dama furosesoshin Celeron da Pentium suna fitowa ba AVX, ko da an ƙera su shekaru bayan 2011, domin na masu ƙaramin ƙarfi ne aka rage masu kaya. Celeron N4020, wanda ke cikin ƙananan laftof masu sauƙin kuɗi da ake sayarwa a kwali da ledarsu, a 2019 ya fito, kuma ba shi da AVX. Tsohuwar i5 ta 2013 mai goge-goge a murfi za ta buɗe TensorFlow, shi ba zai buɗe ba.